Kasuwar daren ɗalibai a Taipei: me Musulmi zai ci, me zai bari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Na samu gurbin koyon Sinanci na shekara ɗaya a Taipei, babban birnin Taiwan, kuma ɗakin da aka kama mini yana kusa da jami'ar da ake kira Shida. An ce mini a kasuwar daren da ke gefen makaranta ɗalibai suke cin abinci. Ina so in je, amma ina tsoron alade. Yaya kasuwar take, kuma me zan ci hankalina kwance?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Na yi shekara huɗu a Taipei ina karatun kimiyyar abinci, kuma mafi yawan abincin darena a tsakanin kasuwar Shida da ta Gongguan na ci shi. Don haka zan faɗa maka abin da na sani dalla-dalla. Ka je kasuwar, kada tsoro ya kulle ka a ɗaki kana cin indomi. Sai dai ka riƙe abu ɗaya tun daga yanzu: aladen da ido yake gani ba shi ne zai ba ka wahala ba, wannan kaucewa kawai za ka yi. Wanda zai shiga cikinka ba ka sani ba yana cikin mai, yana cikin romo, yana cikin abin da ake barbaɗawa a sama. Saboda haka idan ka tsaya gaban mai sayarwa, kaskonsa da tukunyarsa za ka fara dubawa kafin ka dubi abincin.

Bari in fara da yadda wurin yake, don kada ka je da wani hoto daban a kanka. Shida gajeren suna ne na jami'ar horar da malamai ta ƙasar, kuma a cikinta ne cibiyar koyar da Sinanci ga baƙi take, wadda aka buɗe tun 1956. Kasuwar ba fili ba ce mai katanga da ƙofa. Lunguna ne na unguwa, mafi yawa a titin Longquan da 'yan hanyoyin da suka fita daga titin Shida, inda da rana za ka ga shaguna rabi a rufe, da yamma kuwa wajen ƙarfe biyar sai ka ga an fara turo baro, an kunna fitilu, an ɗora kasake. Daga ƙarfe bakwai zuwa tara ne cikowar take, sannan ta riƙa raguwa har wajen sha biyun dare. Idan ta jirgin ƙarƙashin ƙasa za ka je, koren layi za ka hau ka sauka a tashar Taipower Building, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Tasha ɗaya gaba kuma ita ce Gongguan, inda wata kasuwar take daura da babbar jami'ar Taiwan, wadda Japanawa suka kafa a 1928 lokacin da suke mulkin tsibirin.

Dalilin da ya sa irin waɗannan kasuwanni suke manne da jami'o'i ba ɓoyayye ba ne, za ka gane shi ranar da ka shiga ɗakinka. Mafi yawan ɗakunan da ake ba ɗalibai haya ba su da madafa. Gado ne, tebur, banɗaki, sai ƙaramin firji in an yi sa'a. Ɗakunan kwanan makaranta ma ba a yarda a kunna wuta a cikinsu ba. To dubban matasa masu yunwa da kuɗi kaɗan a aljihu, ina za su ci? Kasuwar ita ce madafarsu. Tsofaffin kasuwannin dare na Taiwan a bakin gidajen bauta suka tsiro, kamar ta Raohe da ta garin Keelung, saboda can ne jama'a suke taruwa. Na ɗalibai kuwa a bakin makaranta suka tsiro, kuma wannan ya sa halinsu ya bambanta. Mai sayarwa a Shida ya san yaron da ya saya yau shi ne zai dawo gobe da jibi har shekara huɗu, don haka ba ya wasa da ɗanɗano, ba ya kuma tsuga kuɗi. Ni shi ya sa na fi son su a kan kasuwar daren Shilin, wadda ita ce ake kai 'yan yawon buɗe ido. Shilin ka je sau ɗaya ka gani, amma ba wurin cin kullum ba ne.

Wani abu da ya kamata ka sani game da Shida: ta ragu sosai a kan yadda tsofaffin ɗalibai suke ba da labarinta. Wajen 2011 da 2012 mazauna unguwar suka tashi tsaye a kan hayaniya da hayaƙi da shara, hukumar birni ta tsaurara dokar da ta hana kasuwanci a ƙananan lungunan zama, shaguna da dama suka rufe ko suka koma wani wuri. Abin da ya rage yanzu kantunan tufafi sun yi yawa a ciki, masu abinci sun taru a wasu 'yan layuka. Ina gaya maka wannan ne don dalili biyu. Kada ranka ya ɓaci idan ka ga ba ta kai yadda aka zuzuta maka ba, Gongguan tana nan kusa za ta cike gurbin. Sannan ka tuna a saman waɗannan shaguna mutane suke kwana, akwai tsofaffi da jarirai. Idan kun haɗu da 'yan'uwa ana hira irin tamu, a sassauta murya bayan ƙarfe goma.

Abincin wurin suna kiransa shiyawo-chi, wato ƙananan ciye-ciye. Ba a zama a gaban mutum ɗaya a cika ciki. Ka sayi kaɗan a nan, ka ci kana tafiya ko kana tsaye a gefe, ka ƙara gaba ka sayi wani abu. A lokacin da nake can, yawancin abubuwa suna tsakanin dalar Taiwan 40 zuwa 100, kuma da 200 mutum zai ƙoshi har ya sha wani abu mai sanyi. Dalar Amurka ɗaya tana kai wajen 30 na kuɗinsu. Ka riƙe tsabar kuɗi, 'yan ɗari-ɗari da kwabbai, kada ka miƙa wa mai baro takardar dubu don abin hamsin. Ba a ciniki a kan abinci, farashi yana rubuce a allo, kuma ba a ba da tukuici. Layi kuwa abu ne da ba sa wasa da shi, ko mutum uku ne sai sun jeru.

Yanzu ga asalin tambayarka. Akwai kalmomi uku na Sinanci da nake so ka haddace kafin ka hau jirgi, tunda dama karatun da za ka je yi ke nan. Na farko 豬, ana furta shi kamar "ju", shi ne alade. Na biyu 素, "su", abincin da ba nama a ciki. Na uku 清真, "cing-jen", shi ne halal. Sai wani tarko da yake kama baƙi da yawa: idan ka ga harafin nama 肉 shi kaɗai, ba a ce na saniya ko na kaza ba, to alade ake nufi. A wurinsu nama idan aka yi shiru alade ne, kamar yadda a wurinmu idan aka ce nama ba wanda zai tambaya na mene ne.

Abubuwan da za ka wuce ba tare da tambaya ba sanannu ne. Gua-bao, wani farin burodi mai laushi da aka turara aka naɗe shi a kan tsokar alade mai kitse, wanda mutane suke yi wa dogon layi a Gongguan. Sheng-jiyan-bao, ƙananan ƙulle-ƙullen fulawa da ake soya gindinsu a faffaɗan kasko a yayyafa musu riɗi, waɗanda Shida ta yi suna da su, cikinsu alade ne, har wanda aka ce na kabeji ne sau da yawa da niƙaƙƙen nama ko kitse a ciki. Jan tsiran nan mai zaƙi da ake gasawa, da shinkafar da ake zuba wa miyar nama a sama, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Amma akwai guda biyu da suke yaudarar idon Bahaushe musamman, kuma a kansu nake so ka buɗe kunne. Na ɗaya wani baƙin abu ne mai kusurwa huɗu a soke a tsinke, an mulmule shi da garin gyaɗa. Daga nesa sai ka rantse tsire ne aka yi wa ƙuli. Jinin alade ne aka cuɗa da shinkafa mai danƙo aka turara. A makona na farko na tsaya a layinsa, har na ciro kuɗi, wani ɗalibi ɗan Indonesiya da ke wucewa ya ga hulata ya riƙo hannuna ya ce, ɗan'uwa, wannan ba namu ba ne. Har yau ina yi masa addu'a. Na biyu shi ne rou-song, wanda kamanninsa da ɗanɗanonsa ba su da maraba da dambun nama. Na alade ne, kuma a ko'ina suke barbaɗa shi: a kan burodi, a cikin dunƙulen shinkafa, a cikin wainar ƙwai ta safe. Duk abin da ka ga da dambu a kai, ka bar shi sai ka tabbatar.

To mu zo kan mai da romo, inda na ce maka nan ne aikin yake. Akwai masu sayar da abin da ake kira lu-wei, kuma Shida ta shahara da su. Za a ba ka ƙaramin kwando da abin ɗauka, ka zaɓi abin da kake so daga cikin tarin kaya: kabeji, awara iri-iri, taliya, ƙwai, laimar kwaɗi irin ta ci, masara ƙanana. Sai a yanka maka a tsoma a cikin tafasasshen romo mai ruwan ƙasa-ƙasa a tsame. Baƙo sai ya ce ai ganye kawai na zaɓa. Amma tukunyar ɗaya ce, kuma tun yamma ake dafa hanjin alade da kunnensa da jininsa a cikinta. Ganyenka ya sha wannan romon har ya ƙoshi. Haka masu soyayyar kaza mai gishiri da masoro, wadda ake watsa wa ganyen ɗoɗɗoya a ƙarshe, ƙamshinta ya cika lungu. Su ma kwando suke bayarwa, kuma man da za a soya maka dankali ko wake shi ne aka soya tsiran alade da wainar jinin nan a ciki minti biyu da suka wuce. Ƙa'idar da na bi duk zamana ita ce: wanda yake sayar da abu ɗaya tak ya fi aminci a kan wanda tebur ɗinsa yake cike da kaya ashirin, domin kasko ɗaya abu ɗaya yake gani.

Kitsen alade kuma yana shiga inda ba ka zato. Wainar fulawa mai lawashin albasa, wadda take barewa falle-falle, laushin nan nata a wurin masu yin ta irin ta gargajiya daga kitsen alade yake zuwa. Na ci ta kusan wata biyu a wurin wata dattijuwa kafin Sinancina ya kai in tambaye ta, kuma da na tambaya ba ta ɓoye ba, ta nuna mini gwangwanin farin kitsen da alfahari, don a wurinta shi ne alamar inganci. Na yi istigfari, na kuma koyi darasi: ba cuta ta yi niyya ba, ni ne ban tambaya ba. Gasasshiyar masara ma, da za ka ɗauka babu abin da ya fi ta tsarki, da yawa suna shafa mata kitse kafin su shafa miyar. Wainar ƙwai da kawa, wato naman ruwan nan mai ɓawo, wadda ake haɗawa da sitacin dankali, al'adarta a soya ta da kitse. A 2014 aka yi wata babbar badaƙala a Taiwan ta gurɓataccen man alade da aka sayar wa kamfanoni, kuma da hukuma ta fitar da sunayen waɗanda abin ya shafa, ɗaruruwan gidajen burodi da na kayan maƙulashe ne suka fito a ciki. Abin da wannan ya nuna wa irinmu shi ne nisan da kitsen yake kaiwa, har cikin kayan zaƙi.

Sai giyar shinkafa, mi-jiyu, wadda take a kowace madafa kamar yadda magi yake a tamu. Da ita ake jiƙa kaza kafin a soya, da ita ake kashe ƙarnin kifi, kuma miyar kaza da man riɗi da ake sha lokacin sanyi kusan da ita ake yin romon gaba ɗaya. Kaza da saniya kuwa, ko ba giya, maganar yanka tana nan. Musulmin Taiwan, da 'yan ƙasa da baƙi ma'aikata, ba su kai 2 cikin 100 na mutane kusan miliyan 23 ba, kuma mafi yawan jama'a addinin Buddha da na gargajiya suke bi. Ni dai ban ci naman da ba shi da shaidar halal ba. Har shawarma da za ka gani tana juyawa a kasuwa kada sunan ya ruɗe ka, yawanci 'yan ƙasa ne suke sayarwa da kazar kasuwa.

Na san ka fara cewa to me ya rage. Abin da ya rage yana da yawa, kuma a ciki akwai abin da ya fi komai daɗi a kasuwar.

Ka fara da awara. Taiwan ƙasar awara ce, da waken suya suke yin ta kamar mu, sai dai sun kai ta inda ba mu kai ba. Akwai wadda suke kira cou-dofu, ma'ana awara mai wari, kuma hancinka ne zai nuna maka inda take tun kana bakin lungu. Ana jiƙa ta ne a wani ruwa da aka bar ganyaye suka ruɓe a ciki tsawon makonni ko watanni, ƙwayoyin halittar da ke ciki su fara narkar da furotin ɗin, daga nan warin yake fitowa. Baƙi daga Turai suna toshe hanci su gudu. Kai kuwa da ka tashi da daddawa a miya, kada ka gudu, aikin iri ɗaya ne, kuma ka san yadda abu mai wari a hanci yake zama daɗi a baki. Ana soya ta sai bayanta ya yi ƙamas-ƙamas cikinta ya zama kamar soso, a huda ta a zuba ruwan tafarnuwa da miyar waken suya, a ɗora kabeji mai tsami da ɗan zaƙi a gefe. Ka haɗa awarar da kabejin a loma ɗaya tana da zafi. Masu soya ta yawanci ita kaɗai suke soyawa, wasu ma da harafin 素 a allonsu. Wadda za ka kauce wa ita ce ta romo mai barkono, domin da guntayen jinin agwagwa ake dafa ta.

Wannan harafi na 素 shi ne babban abokinka a Taiwan. Saboda addinin Buddha, akwai mutane da yawa da ba sa cin nama kwata-kwata, kuma masu tsauri a cikinsu ba sa kusantar giya, har albasa da tafarnuwa ba sa ci. Ƙasar ma tana da dokar rubuta nau'in abincin marasa nama a jikin kaya, ko akwai ƙwai, ko akwai madara, ko babu ko ɗaya. Don haka idan ka samu mai lu-wei ko mai soyayya da wannan harafi a allonsa, ka ɗauki kwando ka cika shi ba fargaba. A kewayen jami'o'in nan biyu ba za ka rasa su ba, kuma akwai gidajen abinci irin na ɗebi-da-kanka inda ake auna farantinka a sikeli. Laimar kwaɗi mai kaurin jiki da suke soyawa da gishiri da masoro, idan ka rufe ido sai ka ce tsokar kaza ce.

Sai ƙwallayen dankalin Hausa, di-gua-ciyu. Dankali ne da sitacin rogo aka cuɗa, ana soyawa ana danna su da ludayi mai huji har su kumbura cikinsu ya zama fanko. Suna da wani danƙo da 'yan Taiwan suke mutuwar so, har suna da suna na musamman, suna ce masa QQ. Wanda ya saba da abincin rogo zai gane shi nan take. Akwai kuma 'yar waina mai siffar taya da ake gasawa a tanda irin ta masa, a cusa mata jan wake mai zaƙi ko kirim a ciki. Akwai wani naɗi da asalinsa daga yankin Yilan yake: siririyar fatar fulawa, a kankaro alewar gyaɗa daga wani ƙaton dunƙule da abin fiƙe katako irin na kafinta, a ɗora askirim, a watsa wani ganye mai ƙamshi, a naɗe. Jin labarinsa ba ya shiga kai, amma ka gwada. Kayan teku kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba matsala, don haka gasasshen jatan lande da dabbar nan ta teku mai hannaye da yawa da suke gasawa a tsinke duk naka ne, muddin ba a kan wayar da aka gasa tsiran alade ba, kuma ka ce gishiri kawai a sa maka, a bar miyar.

Ɓangaren sha da kayan sanyi nan ne za ka saki jiki. Shayin madara mai baƙaƙen ƙwallaye a gindi, wanda yanzu ya zagaye duniya, a Taiwan aka ƙirƙiro shi a shekarun 1980. Gidan shayi na Chun Shui Tang a Taichung da na Hanlin a Tainan kowa yana cewa shi ya fara. Ƙwallayen da sitacin rogo ake yin su. Za a tambaye ka sukari nawa, ƙanƙara nawa. Ka ce ban-tang, wato rabin sukari, domin cikakken nasu ya yi yawa ko ga mai shan shayin mai shayi. Idan ka je da kofinka, manyan shagunan suna rage maka dala 5. Akwai madarar gwanda da ake niƙawa a gabanka, ka sha ta nan take don idan ta jima ɗaci take yi. Akwai ruwan rake. Akwai dou-huwa, awara mai laushi kamar kindirmo a cikin ruwan sukari da dafaffiyar gyaɗa, wadda lokacin sanyi ake ba da ita da ɗumi da citta. Akwai ai-yu, wani abu mai santsi ruwan zuma da ake samu daga 'ya'yan wani irin ɓaure na tsaunukan Taiwan, a matsa masa lemun tsami. Daga tsiro yake, ba ruwansa da ƙashin dabba. Lokacin zafi kuma, daga Mayu zuwa Agusta, mangwaro yana fitowa, sai ka ga an tara niƙaƙƙiyar ƙanƙara kamar tsauni an lulluɓe ta da shi. Kwano ɗaya ya ishi mutum biyu.

Ranar da ranka ya biya nama, ka yi sa'ar unguwa. Babban masallacin Taipei, wanda aka buɗe a 1960, yana titin Xinsheng ta Kudu daura da lambun Da'an, tafiyar kamar minti 15 daga Shida. Akwai kuma wani ƙaramin masallaci a wani lungu na titin Xinhai, kusa da tashar Taipower Building ɗin da na ambata. Ranar Juma'a bayan an sauko za ka samu masu sayar da abincin halal a harabar babban masallacin, kuma nan ne za ka haɗu da waɗanda za su nuna maka inda ake sayen ɗanyen nama da gidajen abincin Indonesiya da Pakistan da Turkiyya na kusa. Akwai kuma gidajen taliya da naman saniya na Musulmin Sin, zuriyar waɗanda suka ƙetaro zuwa tsibirin wajen 1949. Ka duba takardar shaida a bango; Ƙungiyar Musulmin Sin tana cikin masu bayar da ita. Abin da na riƙa yi shi ne in yi magariba a masallaci, in taka zuwa kasuwa lokacin da kasake suka ɗauki zafi. Ka lura magariba tana matsawa sosai a can, wajen ƙarfe biyar a Disamba, kusan bakwai saura kwata a Yuni.

Matambayi ba ya ɓata, don haka ga abin da za ka faɗa. "Wo bu chi ju-rou", ba na cin alade. "You ju-you ma?", akwai man alade? "You jiyu ma?", akwai giya? Ka kira mai sayarwa lawo-ban, wato maigida, namiji ne ko mace, za ka ga fuskarsa ta saki. Tunda a farkon zuwa sautin harshen zai yi maka gardama, ka sa wani abokin karatu ya rubuta maka waɗannan a waya ka riƙa nunawa. Ka tambaya kafin layi ya yi tsawo, tsakanin biyar da shida, lokacin da mutum yake da sararin amsa maka. A abin da na gani, idan ka tambaya kai tsaye gaskiya suke faɗa, har wani ya nuna maka maƙwabcinsa ya ce je can, nasa ba nama. Amma sai ka ambaci man da sunansa. Idan ka ce nama kawai, zai ce babu, kuma bai yi ƙarya ba, don a wurinsa kitse ba nama ba ne.

Sauran 'yan abubuwa. Ba za ka cika ganin kwandon shara a titi ba, ka riƙe leda a jaka ko ka mayar wa wanda ya sayar maka da tsinkensa da kofinsa. Babura suna kutsawa cikin lungunan, ka riƙa waiwaye. Ka saka lema a jaka, ruwan Taipei ba ya sallama. Kada ka shiga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa kana ci ko kana sha, ko cingam ne, da zarar ka ƙetare layin rawaya tarar tana farawa daga dala 1,500, kuma jirgin ƙarshe wajen sha biyun dare yake tashi. Za a kalle ka, wani yaro ma zai nuna ka, wata tsohuwa za ta tambaye ka daga ina, domin baƙar fata ba su da yawa a can. Yawanci son sani ne kawai, ka amsa da fara'a.

Idan ka zauna ka saba, ka samu hutun ƙarshen mako ka hau jirgi mai gudu zuwa Taichung, tafiyar kusan awa ɗaya, ka ga kasuwar Feng Chia da ke manne da jami'a mai wannan suna. Tana cikin mafi girma a duk ƙasar, kuma can ne ake gwada sababbin dabarun abinci kafin su bazu zuwa sauran garuruwa. Ka je da abokin da ya iya karanta allo, don yawan sababbin abubuwan yana nufin yawan abin da ba ka san me aka zuba a ciki ba. Daren farko a Shida kuwa, ka tafi da dala 200, ka zagaya sau ɗaya ba ka sayi komai ba kana duban kasake, a zagaye na biyu ka fara da awarar nan mai wari, ka bi ta da ƙwallayen dankali, ka rufe da madarar gwanda.